Yadda Ake Auna Marubucin Labaran Bincike Kafin a Yanke Masa Hukunci

A duk fadar da ake samun mutum biyu ko uku masu karatun littattafan binciken laifi a Damagaram, waɗanda ƴan lakwal ke kira polisiye, da wuya a kai ga shayi na biyu ba a sarƙe da gardama ba. Wannan ya ce Agatha Christie ba ta da na biyu, wancan ya ce ai Georges Simenon ya sha gabanta, na uku kuma ya ce shi tun da ya karanta Moussa Konaté bai sake waiwayar Turawa ba. Idan aka nemi kowannensu ya kawo dalili, amsar ba ta wuce "ya yi mini daɗi", ko kuwa "ban ajiye shi ba sai da aka kira asuba". Jin daɗi ba laifi ba ne, sai dai bai isa hujja ba, domin littafin da ya hana mutum barci yau yana iya zama wanda ko sunan mai kisan ba zai tuna ba bayan wata guda. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na daɗe ina bi wajen auna waɗannan marubuta, yadda idan na ce wane ya fi wane, akwai abin da zan iya ɗorawa a faifai kowa ya duba.

Da farko ka san irin hajar da ke hannunka, domin ba a haɗa raƙumi da doki a tsere ɗaya sannan a zagi wanda ya zo baya. Akwai gidan kacici-kacici, inda marubuci ke ƙulla maka ƙulli ya ce ka warware. Tushensa yana wajen Ba'amurken nan Edgar Allan Poe, wanda a 1841 ya fitar da labarin kisan da aka yi a wani ɗaki da aka kulle ta ciki a birnin Faris. Daga baya Arthur Conan Doyle ya zo da mai bincikensa Sherlock Holmes a 1887, Christie kuma ta zo da nata, Hercule Poirot, a 1920. Akwai gidan baƙin labari irin na Amurka, na su Dashiell Hammett da Raymond Chandler, inda mai bincike ke kutsawa lungunan gari yana shan duka, kuma abin da ake tonawa shi ne ruɓewar masu kuɗi da masu iko, sunan wanda ya harba bindiga kuwa yana zuwa a baya. Akwai kuma gidan ɗan sanda mai albashi da ofishi da manya a samansa, irin kwamishina Maigret na Simenon. Littattafan SAS na Gérard de Villiers, waɗanda suka cika shimfiɗun masu sayar da tsofaffin littattafai, na leƙen asiri ne, ba su cikin wannan awo, ko da yake sau da yawa ana jera su wuri ɗaya.

Kafin ka biya kuɗi, ka juya littafin ka duba shafinsa na ƙarshe ba tare da ka karanta ba, ka tabbata lambobin shafi sun cika kuma kalmar ƙarewa tana nan. Na taɓa sayen wani tsohon littafi mai rawayar bango a kan dala ɗari wajen wani mai shimfiɗa a bakin kasuwa, na kwana biyu ina bin labarin, ashe shafuka goma sha biyu na ƙarshe an daɗe da yage su, wataƙila an ƙunshe ƙosai da su. Ka duba shafin farko kuma, domin akwai marasa imanin da ke rubuta sunan mai kisan da biro a ƙarƙashin sunan littafi.

Yanzu sai karatun kansa, wanda shi ne ginshiƙin aikin. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Damagaram ya san abin da ake yi idan an kwana an saci dabba: ana kiran mai bin sawu tun da sassafe, kafin iska ta share rairayi, ya durƙusa ya duba, ya faɗi ko raƙumin yana ɗauke da kaya, ko ɓarawon yana ɗingishi, ko tafiya yake ko gudu. Larabawa ma suna da tsohon labarin ƴaƴan Nizar, waɗanda suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba, suka ce mai ido ɗaya ne saboda ciyawar gefe guda kaɗai ya ci. Haka ake karanta labarin bincike idan ana son a auna mai shi. Ka samu takarda da fensir, ka rubuta sunan duk wanda ake iya zargi, ka sa a gabansa abin da zai samu idan mamacin ya mutu, da inda ya ce yake a lokacin da abin ya faru, da wanda ya shaide shi. Duk ƙaramin abin da marubuci ya ambata ba gaira ba dalili, kamar agogon da ya tsaya, ko taga da aka bari a buɗe cikin sanyi, ko baƙon da ya ƙi cin abinci, ka rubuta lambar shafinsa. Idan ka iso inda mai bincike ya ce ya gane komai, wanda a wajen Christie yawanci shi ne lokacin da Poirot ya sa a tara kowa a ɗaki ɗaya, sai ka rufe littafin, ka rubuta sunan wanda kake zargi tare da dalilinka. Suna ba dalili ba ya shiga lissafi, domin cikin mutum shida kowa yana iya dacewa.

Bayan ka gama, ɗaya daga cikin abu uku ne zai faru. Ko dai ka kama mai laifin tun da wuri, ko ka kuskure alhali duk alamun suna gabanka, ko kuma ka kuskure saboda marubucin ya ɓoye maka abin da sai da shi ake ganewa. Na biyu da na uku suna kama da juna a daren da ka gama karatu, domin dukansu mamaki suke bari a zuciya, amma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin gwanin dara da wanda ya ɗauke maka ɗa lokacin da ka juya kai. Karatu na biyu ne kaɗai ke raba su, kuma a ganina wanda bai maimaita littafin bincike ba bai kamata ya ɗaga murya a kansa ba. A wannan karon ka riga ka san ƙarshe, saboda haka idonka yana kan hannun marubuci: a ina ya ajiye alamar gaskiya, da me ya rufe ta, kuma ko akwai jimla guda da ya yi maka ƙarya da bakinsa.

Ga misalin alamar da aka ajiye bisa gaskiya. A wani gajeren labarin Holmes na 1892, an sace dokin tsere daga bargarsa cikin dare, an kuma tsinci gawar mai horar da shi a daji. Akwai kare a bargar, kuma kowa ya san bai yi haushi ba a daren. Holmes ne kaɗai ya tsaya a kan wannan shirun, domin kare ba ya yin shiru sai ga wanda ya sani. Mai karatu ya ji abin da Holmes ya ji, ba a rage masa komai ba, kuma duk mai doki a Birni zai ce ai wannan a fili yake, bayan an faɗa masa. Sai dai in faɗi gaskiya, Doyle ba kullum yake yin haka ba. Sau da yawa Holmes yakan fita shi kaɗai, ya aika waya, ya dawo da labarin da mai karatu ba shi da hanyar saninsa, sannan ya baje shi kamar mai dabo. Hukuncina a kansa shi ne gajerun labaransa 56 sun fi dogayen littattafansa 4, waɗanda biyu daga cikinsu suke katsewa a tsakiya su tafi Amurka su daɗe suna ba da tarihin baya, mai bincike kuwa an bar shi a Ingila.

A wannan fagen na adalci ga mai karatu, Christie ce ta fi kowa a wajena. Ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa idan ta sa guba a labari tana faɗin irinta da yadda take aiki a jiki daidai. Littafinta na 1926 a kan kisan Roger Ackroyd, wanda da shi aka buɗe jerin littattafan bincike na Le Masque mai rawayar bango a Faransa a 1927, ya tayar da ƙura har wasu suka ce ta yi maguɗi. Na maimaita shi da fensir ina neman ƙaryar, ban samu ba. Abin da na samu jimloli ne masu fuska biyu, waɗanda ni da kaina na zaɓi fuskar da ta ɓatar da ni. Rauninta yana wani wuri dabam. Cikin littattafan bincikenta 66, mutanenta da yawa kamar ƴaƴan dara suke, ana tura su inda ƙullin ke buƙata, kuma da ƙyar ake samun gawar da mai karatu zai ji zafin mutuwarta.

Idan kana son mudun da aka riga aka yanka, akwai dokoki goma da wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya rubuta a 1929. Daga cikinsu akwai cewa dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada a kawo gubar da ilimi bai santa ba, kada sa'a ko tsautsayi su warware wa mai bincike matsala, kada tagwaye su ɓullo ba a shirya mai karatu ba, kuma kada a sa hannun aljanu ko wani abin gaibu. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ya kamata mai karatu na nan ƙasar ya tsaya a kanta, domin Knox ya rubuta ta ne don mutanen da ke ɗaukar irin waɗannan abubuwa tatsuniya, mu kuwa muna zaune cikin jama'ar da idan mutum ya faɗi ya mutu ba ciwo, kafin likita ya buɗe baki an riga an ce sammu ne ko iska. Marubucin da ya kafa labarinsa a irin ƙasarmu ya yi kamar wannan imani babu shi, ya yi ƙarya game da mutanensa. Wanda kuma ya bar aljani ya aikata kisan, ya cuci mai karatun da ya ɓata dare yana bin sawu.

Moussa Konaté na Mali, wanda ya rasu a 2013, ya nuna hanyar da ke tsakani. A littafinsa na 2006, L'Empreinte du renard, kwamishina Habib ya bar Bamako ya shiga ƙasar Dogon, inda masu duba ke karanta sawun yanyawa a kan rairayi, kuma inda ba wanda zai amsa tambayar ɗan sanda idan dattawa ba su so ba. Imanin mutane a nan shi ne katangar da bincike ke cin karo da ita: shi ke hana shaida magana, shi ke ba mai laifi mafaka, shi ke sa takardar gwamnati ta zama ba ta da nauyi. Saboda haka tambayar da za ka yi wa marubucin Afirka ita ce ko ya ɗauki tsoron mutanensa da muhimmanci ba tare da ya mai da shi hanyar tserewa daga bayani ba. Da wannan mudun nake auna littattafan Hausa da ke zuwa mana daga Kano da waɗanda ake turawa ta WhatsApp, kuma aibin da na fi cin karo da shi shi ne a kai ƙarshe sai mai laifi ya kwanta ciwon ajali ya tona kansa, ko wata ta yi mafarki ta ga komai. Wannan yana iya zama wa'azi mai kyau, amma ba wanda ya binciko komai. Harshen gida kuwa ba shi ne cikas ba, tun da Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fitar da mai bincikensa Bwana Msa da Sawahilanci tun 1960.

Awo na gaba shi ne dalilin kisan. Ka tambayi kanka ko mutum mai jini a jika zai kashe ɗan'uwansa a kan wannan abu, ko kuwa marubucin ya laƙa dalilin ne a shafi na ƙarshe don ya rufe rami. Gado, kishi, bashi, tsoron tonon asiri da wulaƙancin da aka daɗe ana haɗiyewa, waɗannan kowa ya san ƙarfinsu a kowace unguwa, daga Zongo har Sabon Gari. A nan ne Simenon, mutumin Liyej ta ƙasar Beljiyam, yake tsere wa sauran. Cikin littattafan Maigret 75 da suka fito tsakanin 1931 da 1972, kwamishinan ba ya rarrafe da madubi yana neman toka. Yakan zauna ne a madafar gidan mamaci ko a shagon unguwa, yana zuƙar lofensa, yana sauraro, har sai ya san yadda rayuwar gidan take, wa ke jin kunyar wa, wa ya gaji da wa. Taken Simenon shi ne a fahimta kada a yanke hukunci, kuma sau da yawa idan aka kama mai laifin tausayinsa ne ke kama mai karatu. Wanda ya zo neman ƙulli mai wuya zai raina shi, domin a wasu littattafan tun tsakiya an san inda aka dosa, ga shi kuma saurin rubutunsa ya sa yana maimaita kansa. Duk da haka, idan aka ce in ɗauki marubuci guda in bar sauran, shi zan ɗauka.

Kada ka yi wa ƴan gidan baƙin labari awo da mudun Knox. Lokacin da ake shirya fim daga littafin farko na Chandler, wanda ya fito a 1939, masu aikin sun aika suna tambayarsa wa ya kashe direban gidan da ke cikin labarin, shi kuwa ya amsa cewa shi ma bai sani ba. Da Christie ce ta yi haka, da an gama da ita. Shi abin da ake nema a wajensa shi ne muryar mai ba da labari da hoton gari, kamar yadda ake nema a wajen Chester Himes, baƙar fatan Amurka da ya koma Faransa, wanda ya kafa ƴan sandansa biyu a unguwar Harlem kuma ya ci babbar kyautar labaran bincike ta Faransa a 1958. A irin waɗannan, tambayar ita ce ko bayan ka rufe littafin kana iya jin warin titin.

Akwai tarko guda da ya shafe mu musamman, mu da muke karanta yawancin waɗannan marubuta da Faransanci. Jerin littattafan Série noire da Marcel Duhamel ya kafa a Faransa a 1945 ya saba datse littattafan Amurka don su dace da yawan shafin da ake so, yana kuma cusa musu zaurancen titunan Faris, tsofaffin fassarorin Christie ma an rage su kafin a sake fassara su daga baya. Saboda haka ka duba shekarar fassara a bayan shafin farko, kuma idan za ka soki salon maganar marubuci, ka faɗi bugun da ka karanta, kada ka ɗora wa mai gona laifin ɗan ƙodago. Haka nan za ka ci karo da raini ga baƙar fata da sauran al'ummu a tsofaffin littattafan. Wani littafin Christie na 1939 sai a 2020 aka sauya masa sunansa na Faransanci saboda kalmar cin mutunci da ke ciki. Ka faɗi wannan a fili cikin hukuncinka, a matsayinsa na aibi, ba tare da ka ce don haka ƙullin ma bai ƙullu ba.

Littafi ɗaya ba ya isa a yanke wa marubuci hukunci. Ka karanta aƙalla uku, ɗaya daga farkon aikinsa, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe, domin Christie ta shekarun tsufa ba ita ce ta shekarun 1930 ba.

Idan ka zo faɗin ra'ayinka, a fada ne ko a rubuce, ka raba abin da ka auna da abin da ranka ke so. "Ya ɓoye wasiƙar har babi na ƙarshe, don haka bai yi adalci ba" magana ce da kowa zai iya buɗe littafi ya gwada. "Ba na son labarin da ake zubar da jini da yawa" kuwa ɗanɗanonka ne, ka faɗe shi da sunan ɗanɗano, ba wanda zai yi maka gardama. Ka kawo shafi ko babi a matsayin shaida, amma ka tsaya kafin warwara. Ana iya cewa alamar tana cikin hirar da aka yi a wajen cin abinci ba tare da an faɗi bakin da ta fito ba. Wani dattijo da muke zama da shi, tsohon malamin lakwal, idan yaro ya fara zuba zai kai ga suna, yakan ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, tsaya nan, akwai waɗanda ba su iso ba tukuna."

Idan kuma gardama ta ƙi ƙarewa tsakaninka da abokin zama, kada ku tsaya ɗaga murya. Ka ba shi aron littafin da kake kafa hujja da shi, ka sa tsinke a babin da zai tsaya, ka ce ya rubuta sunan wanda yake zargi da dalilinsa a takarda, ya ninke ta, ya ba mai dafa shayi ya riƙe. Ranar Alhamis, bayan an taso daga kasuwar Dole, sai a buɗe takardar a gaban kowa.